Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Katun Na Biyu Da Yardar Da Muka Ba Na Farko



Akwai wata irin yarda da iyaye ke bayarwa sau ɗaya tak, amma a yi ta cin moriyarta shekara da shekaru ba tare da an koma neman izininsu ba. Ita ce yardar da muke ba fina-finan yara na zane mai motsi, waɗanda aka fi sani da katun. Uba ko uwa za su zauna su kalli fim na farko, su ga babu abin ƙi a cikinsa, har ma akwai darasi, sai su ce a bar wa yara. Daga wannan rana sunan fim ɗin ya zama ɗan gida. Idan kashi na biyu ya fito, ko na uku, ko wani reshe da aka tsiro da shi daga jikin labarin, babu mai sake tambaya, domin ai an san shi.

Abin da muke son tabbatarwa a wannan rubutu shi ne, wannan yarda ba a gadonta. Fim na biyu baƙo ne ko da ya zo sanye da rigar na farko, kuma ƙa'idar baƙo ita ce a tsayar da shi a zaure, a ji daga ina yake da abin da ke tafe da shi, kafin a yi masa iso. Hukuncin zane da hoto a shari'a magana ce ta malamai, kuma suna da bayanansu a kai. Mu a nan muna magana ne da gidan da katun ya riga ya shiga, wanda kuwa shi ne mafi yawan gidajenmu.

Yadda suke iso mana

Mafi yawan yaran Sakkwato ba a silima suke ganin waɗannan fina-finai ba. Wasu ta tauraron ɗan'adam suke samunsu, inda tashoshin Larabawa irin su MBC3 da Spacetoon suka daɗe da zama abokan hirar yara, ga kuma tashoshin da ke kan DStv da GOtv da StarTimes. Wasu ta YouTube ne, a wayar uwa ko ta yaya. Sai kuma masu tura fina-finai, waɗanda ake samu daga bakin Babbar Kasuwa har cikin unguwanni irin su Mabera da Arkilla da Runjin Sambo, inda da kuɗi kaɗan za a cika wa mutum memori da duk abin da ya ambata. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke hana yaro leƙa waje, da kuma lokacin dogon hutu, wannan memori shi ne mai reno a gidaje da yawa.

A nan bambanci na farko yake, kuma ya shafe mu fiye da yadda ya shafi waɗanda suka yi fina-finan. A Amurka, yaron da ya kalli Toy Story a 1995 sai da ya jira shekara huɗu kafin na biyu ya fito a 1999, ya ƙara jiran shekara goma sha ɗaya kafin na uku a 2010, sannan na huɗu ya zo a 2019. Wanda ya fara yana ɗan shekara shida, ya ga na uku yana da ashirin da ɗaya. Masu shirin sun san da haka. Shi ya sa a na uku yaron da ke cikin labarin, Andy, ya girma yana shirin tafiya jami'a, fim ɗin kuma ya cika da maganar rabuwa, har da wurin da kayan wasan suka riƙe hannun juna suna jiran wuta ta cinye su. Haka nan Inside Out na 2015 ya ba da labarin yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, na biyunsa kuwa, da ya zo bayan shekara tara, ya same ta tana da goma sha uku, a bakin balaga, tana fama da fargaba da son burge ƙawaye. Wato fim na biyu yakan girma tare da waɗanda suka kalli na farko.

Mu kuwa babu wannan jira a wurinmu. Mai turi zai zuba ɗaya zuwa huɗu a wuri guda, yaro ɗan shekara shida ya kwashe su gaba ɗaya. Abin da aka tsara mutum ya sha a cikin shekara ashirin da huɗu, shi ya shanye shi a yini guda. Iyayensa sun yarda ne da fim ɗin da aka yi wa sa'anninsa, alhali kafin la'asar ya kai ga wanda aka yi wa sa'annin yayansa.

Dalilin yin na biyu

Domin mu gane fim na biyu, sai mu tambayi abin da ya haife shi. Fim na farko yawanci labari ne ya haife shi: wani ya zo da abin da yake son faɗa, aka yi kasadar zuba masa kuɗi. Na biyu kuwa, a mafi yawan lokuta, nasarar na farko ce ta haife shi. Babban fim ɗin katun yakan lashe kuɗi masu nauyi, wani har dala miliyan 200 kafin a gama shi, kuma ɗan kasuwa ya fi son ya zuba irin wannan dukiya a kan sunan da mutane suka riga suka sani. Shekarar 2024 ta nuna haka ƙarara. Fina-finan katun da suka fi kawo kuɗi a duniya a wannan shekara, wato Inside Out 2 da Moana 2 da Despicable Me 4 da Mufasa da Kung Fu Panda 4, dukkansu ci gaba ne na wani abu da ya gabata. Inside Out 2 shi kaɗai ya tara sama da dala biliyan 1.6, kuma wanda ya zo ya ɗara shi a 2025, Ne Zha 2 na ƙasar Sin, shi ma na biyu ne.

Wannan ba sabon abu ba ne. Bayan da Aladdin ya samu karɓuwa a 1992, kamfanin Disney ya fitar da The Return of Jafar a 1994, wanda ba a kai shi silima ba, kai tsaye aka sayar da shi a kaset. Sashen shirye-shiryen talabijin ne ya zana shi da kuɗi kaɗan, kuma Robin Williams, wanda muryarsa ta ɗaga na farko, bai shiga ba. Duk da haka kaset ɗin ya yi kasuwa, sai ƙofa ta buɗe: The Lion King II a 1998, Cinderella II a 2002, Bambi II a 2006, da wasu da dama, har sai da kamfanin da kansa ya tsayar da wannan salo a 2007. Da yawa daga cikin abin da ake tura wa yaranmu da lamba biyu a gaban sunansa daga wannan rumbu ya fito.

Mu ma mun san irin wannan ciniki a gida. Waɗanda suka ga zamanin kaset da faifai a fina-finan Hausa suna tune da yadda ake yanka labari ɗaya gida biyu domin a sayar da shi sau biyu, kamar yadda wasu littattafan hikaya ke tsayawa daidai inda zance ya yi daɗi, a ce sai a littafi na biyu. Neman riba ba laifi ba ne. Sai dai wanda ya san riba ce ta kawo baƙo, ya kamata ya buɗe jakarsa ya duba.

Abin da ke sauyawa a hanya

Labari mai kyau yana da ƙurunƙus. Jarumi ya faɗa cikin matsala, ya koyi darasi, ya fita, an rufe. Mai son yin na biyu dole ya warware wannan ƙulli, kuma hanyoyin warwarewar sanannu ne.

Wani lokaci akan ƙara ƙarfin hayaniya. Cars na 2006 labarin wata motar tsere ce mai girman kai, da ta maƙale a wani ƙaramin gari da aka manta da shi, ta koyi ƙanƙan da kai da darajar tsofaffi. Kayan wasan da aka ƙera da siffar motocin fim ɗin sun kawo biliyoyin daloli, sai ga Cars 2 a 2011. Wannan karon labarin 'yan leƙen asiri ne, da bindigogi da bama-bamai, har da wurin da aka azabtar da wata mota aka halaka ta. Sunan bai sauya ba, fuskokin ba su sauya ba, amma darasin ƙanƙan da kai ya koma gefe.

Wani lokaci kuma darasin kansa ake juyawa. A Toy Story 2, Woody ya samu damar a kai shi gidan adana kayan tarihi a Japan, inda za a riƙa kallonsa har abada ba tare da ya tsufa ba, amma ya zaɓi ya koma wurin yaron da ya mallake shi, ko da ya san wata rana za a ajiye shi. Wannan darasi ne na riƙon amana. A na huɗu kuwa, bayan sabuwar yarinyar da aka ba shi ta daina kula shi, Woody ya bar ta, ya bar abokansa, ya tafi ya yi rayuwar da ransa ke so. Ana iya kare wannan ƙarshe, kuma manya da yawa sun kare shi, amma babu mai cewa darasi ɗaya ne da na baya. Yaron da ya kalle su a jere ya ji amsa biyu ga tambaya ɗaya, kuma ta ƙarshe ita ce ke zama a kai.

Akwai kuma inda abin ya taɓa aƙida kai tsaye. Frozen na 2013, duk da sihirin da ke cikinsa, ginshiƙinsa ƙaunar 'yan'uwa mata biyu ne, har ma ya yi wa masu faɗawa soyayya da ganin farko gugar zana. Frozen II na 2019 ya koma kan ruhohin ruwa da wuta da iska da ƙasa, ya ƙare da cewa jarumar ita ce ruhi na biyar. A Moana na 2016 akwai Maui, wanda tatsuniyoyin mutanen tsibiran Pasifik ke ɗauka rabinsa mutum rabinsa abin bauta, amma ita yarinyar mutum ce kamar kowa. A Moana 2, wanda tun farko shirin talabijin aka nufa da shi kafin a mayar da shi fim, tsawa ta buge ta, ruhohin kakanni suka tashe ta, ita ma ta koma irin Maui. Uban da ya ce na farko tatsuniyar wasu mutane ce, zai iya bayyana wa yara, yana bukatar ya san cewa bayanin da zai yi a na biyu ya fi wancan nauyi.

Sannan zamani yana tafiya da masu shirin. Al'ummar da ta yi fim a 1995 ba ita ce ta 2022 ba, kuma abin da take ganin ya dace a nuna wa yara ya sauya. Lightyear na 2022 reshe ne daga Toy Story, da sunan jarumin da yara suka sani tun fil azal. Ƙasashe da dama, ciki har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Malesiya, ba a nuna shi a silimominsu ba, saboda wani wuri da ya nuna mata biyu a matsayin ma'aurata. Waɗancan ƙasashe suna da masu tacewa a bakin ƙofa. Mu ma muna da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa tun 1993, Kano kuma tana da tata tun 2001, amma memori da YouTube ba sa bi ta gaban kowace hukuma. Tashoshin Larabawa sukan yanke wasu wurare kafin su nuna fim, don haka abin da uwa ta gani a talabijin bara yana iya bambanta da wanda ke cikin wayarta yau, ko da sunansu ɗaya.

A yi wa na biyu adalci

Da za mu tsaya a nan, sai a ɗauka muna cewa na farko kullum tsarkakakke ne, na biyu kullum gurɓatacce. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma yaranmu za su riga mu gane hakan.

Akwai na biyun da ya kai na farko, har ya wuce shi. Toy Story 2 da kansa an fara shi ne da niyyar sayarwa a kaset, da aka ga labarin ya yi ƙarfi sai aka kai shi silima, kuma masu sharhi da yawa suna fifita shi a kan na farko. Toy Story 3 ya ci kyautar Oscar ta fina-finan katun. Kung Fu Panda 2 na 2011 ya taɓo abin da gidajenmu suka sani sarai, wato riƙo. Jarumin, wanda wani tsohon dinya ya rena, ya gano asalinsa da yadda aka raba shi da iyayensa, amma sanin asalin bai sa ya raina wanda ya ciyar da shi ba, ya dawo gare shi da ƙarin girmamawa. Gidan da ke riƙon maraya zai iya samun abin tattaunawa mai amfani a nan, ko da yake akwai wuraren kisa da za su tsorata ƙaramin yaro.

Haka kuma na farko ba ya tsira don kawai shi ne na farko. Aladdin na 1992 ya buɗe da waƙar da ta siffanta ƙasar Larabawa da rashin imani, har sai da wata ƙungiyar Larabawan Amurka ta yi ƙorafi aka sauya wasu kalmomi a 1993. The Lion King na 1994, wanda iyaye da yawa ke yabo saboda darasin ɗaukar nauyi da gadon uba, yana ɗauke da zancen sarakunan da suka mutu suna kallo daga taurari. Sau da yawa abin da ke sa mu fifita na farko shi ne mun kalle shi muna yara, kuma abin da mutum ya gani da ƙuruciya yakan yi masa kyau fiye da yadda yake.

Don haka lamba ɗaya ko biyu ba ita ce ma'auni ba. Ko hukumar da ke sanya wa fina-finai alamar shekaru a Amurka ba ta yarda da gadon suna. Finding Nemo na 2003 ta ba shi alamar G, wato kowa zai iya kallo, amma Finding Dory na 2016 ta ba shi PG, wato a kalla da kulawar iyaye. The Lion King na 1994 G ne, sabon da aka sake yi a 2019 da Mufasa na 2024 kuwa PG ne. Idan mutanen da suka yi fim suna sake auna kowane kashi, mu da ba da al'adarmu aka yi shi ba mun fi cancantar mu sake aunawa. Ita ma alamar ba ta wadatar ba, domin Cars 2, da bama-bamansa, G aka ba shi.

Ma'aunin da muka gada

Ba sai mun ari ma'auni daga waje ba, domin ƙara gini a kan aikin wani fanni ne da wannan gari ya ƙware a kai. Malaman Sakkwato sun san tahamisi. Mai tahamisi yakan ɗauki baiti mai ɗango biyu na wani magabaci, ya ƙara ɗango uku a gabansa su zama biyar. Sharaɗin aikin mai tsanani ne: dole ya bi karin waƙar da amsa-amonta, dole ɗangwayen asali su tsaya yadda suke ba a taɓa su ba, kuma dole ƙarin ya buɗe ma'anar asali. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce da kowa ya sani. Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku suka taɓa ta, amma saƙon bai karkace ba, sai ma ƙara isa ga jama'a da ya yi.

A fagen labaran yara kuma muna da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, littafi uku. A na farko aku yana ba ɗan sarki labarai domin ya tsare shi daga makircin waziri. A na biyu aku ya zama waziri, yana gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku yana koyar da ɗansa Fasih. Kowane littafi yana da nasa dalilin zuwa, kuma tafiyar tana hawa ne daga tsira zuwa gwaninta, daga gwaninta zuwa tarbiyya. Babu inda na uku ya ƙaryata na farko.

Daga waɗannan biyu za mu iya ciro tambayoyin da za mu yi wa kowane fim na biyu. Shin ya bar darasin na farko a tsaye, ko ya rushe shi domin ya samu wurin gini? Shin ya zo da wani abu da labarin ke bukata, ko sunan kawai aka sake sayarwa? Sannan, wa aka yi wa shi, yaron da ke gabanmu ko wanda ya girme shi da shekara goma? Kung Fu Panda 2 zai amsa tambaya ta farko da ta biyu da kyau, ya bar mana ta uku. Cars 2 zai faɗi tun a ta farko. Moana 2 kuwa zai tilasta mana mu ƙara ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi: me yake koya wa yaro game da rai da mutuwa da wanda ake roƙo?

Abin da ya rage gare mu

Wani zai ce hanya mafi sauƙi ita ce a hana gaba ɗaya. Gidan da ya iya hakan, kuma ya cike gurbin da wani abu mafi alheri, ya yi ƙoƙari. Amma yaron da aka hana a gida yakan gani a maƙwabta, kuma a can babu mai yi masa bayani. Wani kuma zai ce ai katun ne kawai, yaro ba ya gane komai sai launi da tsalle-tsalle. Duk wanda ya ji yaro yana maimaita maganar jarumin fim kalma da kalma bayan kallo biyu, ya san wannan zance ba ya tsayawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa shi ne wanda ya fi daɗewa tare da iccen.

Abin da muke kira gare shi bai fi ƙarfin kowa ba. Idan za a je wurin mai turi, a ambaci fim ɗin da ake so da lambarsa, kada a ce a zuba duka. Kowane sabon kashi, wani babba ya riga yara kallonsa, ko aƙalla ya karanta taƙaitaccen labarinsa har ƙarshe, domin a ƙarshe ake ajiye darasi. Wanda ya fi ƙarfin shekarun yaro a ajiye masa shi, kamar yadda ake ajiye wa ƙane rigar yaya sai ya kai. A kashe tsarin nan na YouTube da ke ɗora wani bidiyo da kansa idan na farko ya ƙare, domin ta nan rassa da jabun kashi ke shigowa. Idan kuma an kalla, a yi hira a kai. Tambayar yaro wanne ya fi so tsakanin na ɗaya da na biyu, da dalilinsa, tana buɗe abin da ya shiga zuciyarsa fiye da dogon wa'azi. Kakanninmu da ke ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kowane dare sabon kashi suke kawowa, amma suna kallon fuskokin jikoki, suna sanin inda za su sassauta da inda za su tsaya. Na'ura ba ta kallon fuska, don haka wannan aiki ya dawo kanmu.

A nan ɗalibai ke da babban rabo. Iyaye da yawa ba sa bin Turancin da ake yi a waɗannan fina-finai, da hoto kawai suke hukunci, alhali abin da ke sauyawa tsakanin na farko da na biyu yawanci a cikin magana yake. Ku da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ku ne ke sauko da fina-finan, ku ne ke jin abin da ake faɗa, kuma ku ƙannenku ke roƙa. Wanda ya miƙa wa ƙanensa waya ya ɗauki amanar abin da ke cikinta. Minti goma na bincike kafin a tura ya isa ya raba yaro da abin da zai daɗe bai fita kansa ba.

Muna kuma fatan wasu daga cikinku su wuce matsayin masu tacewa su zama masu ƙirƙira. Upin & Ipin na Malesiya ya fara ne a Ramadan na 2007 da gajerun kashi shida da ke koya wa yara azumi, ga shi yau ya zagaye ƙasashe. A Abuja, Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino domin yaran Afirka su ga masu kama da su a allo. Garin da ya san tahamisi, ya kuma tashi da Magana Jari Ce a hannu, bai rasa labarin da zai zana ba, bai kuma rasa sanin yadda ake ƙara na biyu a kan na farko ba tare da an ci amanarsa ba. Kafin wannan rana ta zo, abin da ke hannunmu shi ne mu daina barin suna ya yi mana hukunci. Kowane kashi ya tsaya a zaure, a gan shi, sannan a san ko za a yi masa iso.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana a kansu.